Sitem sel da dashen hanta: wanda likitoci ke bincike a kai daban, na cikin kwali daban

Makon da ya wuce Hajiya, matar kawuna, ta kira ni wajen ƙarfe tara na dare wai in zo Ƙofar Ƙaura yanzu-yanzu akwai magana. Gabana sai da ya faɗi, na ɗauka jikin Kawu ne ya tashi, don shekara biyu kenan yana fama da ciwon hanta irin na B ɗin nan, har ta kai hantar ta ƙanƙance ta yi tauri, ciki na tara ruwa ana zuƙewa, kuma likitan da ke duba shi bai ɓoye mana komai ba, ya ce in da hali a fara tunanin dashe a Indiya ko Masar. Ina shiga na tarar da ita kan tabarma ta tasa wani ɗan kwali a gaba, cikinsa wasu ƙananan ledoji kamar na garin lemo, ta turo min ta ce "ɗan nan kai da ka yi boko duba min wannan, wata ce ta kawo, ta ce sitem sel ne, a ƙarƙashin harshe ake zubawa, wai hanta sabuwa yake fiddawa ba sai an fita waje ba."

Na ce Hajiya ki ba ni kwana biyu. To abin da na faɗa mata bayan kwana biyun shi ne zan baje a nan, don na san ba gidanmu kaɗai kwalin nan ya shiga ba. Kuma abin da ya sa maganar ke da wuyar warwarewa shi ne akwai gaskiya a gindinta. Da gaske ne likitoci na binciken sitem sel, wato ƙwayoyin halitta na asali da ke iya rikiɗa su zama wani nau'in ƙwayar jiki, a harkar dashen hanta, shekaru da yawa ma, sai dai abin da suke nema da shi da abin da masu kwali ke faɗa ko hanya ba su haɗa ba.

Mu fara da dashen kansa. Wani likita Ba'amurke, Thomas Starzl, shi ya fara gwada dasa wa mutum hanta a birnin Denba a 1963, bai yi nasara ba, sai a 1967 aka samu wadda ta haura shekara da hantar da aka dasa mata. A 1989 kuma aka yi nasarar yanko wani sashe na hantar mai rai a dasa wa wani, saboda hanta Allah Ya yi ta da wata baiwa, in an yanke fiye da rabinta ragowar na sake tofowa cikin 'yan makonni. Yawancinmu in an ce matsalar dashe abu ɗaya muka sani, wato jiki ya ƙi karɓar baƙuwar hanta, shi ya sa ake shan maganin danne garkuwar jiki irin su takrolimus har iya rayuwa. Amma akwai wata ɓarnar da ke riga wannan faruwa, tun mara lafiya na kan gadon tiyata, kuma ita ce ainihin abin da nake son a gane.

Kowa a garin nan ya san ba lokacin da aka ɗauke wuta firji ke ƙonewa ba, sai lokacin da aka dawo da ita da ƙarfi. To haka hanta take. Daga sanda aka ɗaure jijiyoyinta aka ciro ta daga jikin mai bayarwa, jini ya daina zuwa mata, babu oksijin. Sai a wanke ta da wani ruwa na musamman mai sanyi, a ƙulle a leda, a saka cikin kula da ƙanƙara a wajen digiri 4, eh kula dai irin wadda kuka sani, sanyin yana rage wa ƙwayoyinta aiki sosai amma bai tsayar da shi gaba ɗaya ba, suna nan suna cin ɗan guzurin ƙarfin da ya rage musu har ya ƙare, tsami na taruwa, ƙwayoyin na kumbura, sannan a cikin 'yan injinan da ke samar wa kowace ƙwaya ƙarfi, waɗanda ake kira mitokondiriya, wani sinadari mai suna suksinet na ta taruwa kamar itacen da aka jibge ba a hura ba. Shi ya sa likitocin dashe ke tsere da agogo, ba sa son hanta ta haura awa goma sha biyu a ƙanƙara, in ta yi ƙasa da takwas ma sun fi so.

Sai an gama ɗinki an saki jini mai ɗumi cike da oksijin ya kwararo ciki, a nan ne wutar ke kamawa. Injinan nan su cinye suksinet ɗin a lokaci guda, su fesar da wasu ɓurɓushin oksijin masu guba da ke huda bangon ƙwayoyi. Ƙwayoyin da suka fashe su zubar da kayan cikinsu, su kuma masu gadin hanta, wasu ƙwayoyin garkuwa da ke zaune a cikinta dindindin da ake kira ƙwayoyin Kupffer, da sun ji warin wannan sai su ɗauka an kawo hari, su buga gangar yaƙi. Fararen ƙwayoyin jini na mara lafiya su yi tururuwa su shigo, su maƙale a 'yan siraran hanyoyin jini su toshe su, wajen da jini ya fara isa ya sake rasa shi. Kun ga irin abin nan da ake ihun ɓarawo a unguwa cikin dare, kafin a gane babu ɓarawon an fasa ƙofofi an tattake yara, to kusan haka. Washegari in aka auna jini sai a ga ALT da AST, alamomin raunin hanta da masu ciwon hanta suka saba gani a takardar gwaji, sun haura dubu.

Kusan kowace hanta da aka dasa sai ta ɗanɗani wannan, yawanci kaɗan ne ta warware. Wata kuma ta yi nawar tashi, mara lafiya ya daɗe a ɗakin kulawa ta musamman har ƙoda ta shiga matsala. Wata, ba kasafai ba, ta ƙi tashi sam, sai dai a sake wani dashen cikin kwanaki. Akwai kuma ɓarnar da ke laɓewa sai bayan watanni ta fito, wannan ita ta fi ba ni tausayi. Hanta hanyar jini biyu gare ta, babbar jijiya daga hanji da ke kawo kusan kashi uku cikin huɗu, da wata ƙarama daga ɓangaren zuciya, amma bututun da ruwan maɗaciya ke bi da ƙaramar nan kaɗai suka dogara, don haka su suka fi jin jiki. Mutum ya dawo gida an yi barka an yi sadaka, bayan wata uku ko shida sai ido ya koma ɗorawa, ga ƙaiƙayi ga zazzaɓi, ashe bututun sun tsuke. Hanta mai kitse, da ta tsoho, da wadda aka ciro bayan zuciyar mai ita ta tsaya, su ne ba sa jure wannan duka, shi ya sa ake zubar da hantoci da yawa alhali mutane na mutuwa a layin jira.

To ina sitem sel ya shigo? Su ƙwayoyi ne na asali da ba su gama zaɓen sana'a ba tukuna, suna iya hayayyafa kuma suna iya rikiɗa su zama wani nau'in. Iri-iri ne, amma waɗanda aka fi gwadawa a wannan harka su ne waɗanda ake taƙaita sunansu da MSC, wani masani ɗan Rasha, Alexander Friedenstein, ya gano su a cikin ɓargo a Mosko tsakanin shekarun 1960 da 1970. Ana samunsu a ɓargo, a kitse, da kuma igiyar cibiyar jariri, wannan da mu nan ake yankewa a binne a bayan ɗaki. Ana ɗiba a raine su a ɗakin gwaji har su kai miliyoyi, sannan a saka wa mutum ta jijiya kamar ƙarin ruwa.

Da farko kowa ya ɗauka tubali ne, wato in an saka su za su tafi hanta su zauna su zama sabbin ƙwayoyin hanta, kuma wannan tsohon tunanin ne har yau 'yan talla ke sayarwa. Da aka bi sawunsu a jikin ɓeraye sai aka ga abin mamaki, mafi yawansu ko hantar ba sa isa, a huhu suke maƙalewa saboda sun fi 'yan hanyoyin jinin can girma, kuma cikin kwana ɗaya zuwa biyu yawancinsu sun mutu. Amma duk da haka sai a ga hantar ɓeran da aka ba ta fi ta wanda ba a ba lafiya, ALT ya sauka, ƙwayoyin da suka mutu ba su kai na ɗayan ba. Ta yaya wanda bai je wajen gobara ba ya kashe wuta?

Amsar da bincike ya fi karkata gare ta ita ce aike suke yi. Suna fitar da sinadarai cikin jini, wasu na lallashin masu gadin nan su sauke makami su koma share ɓaraguzai, wasu na hana fararen ƙwayoyin jini yin cincirindo, wasu kamar HGF na zaburar da ƙwayoyin hantar su hayayyafa, wasu kuma na ƙara yawan wani rukunin ƙwayoyin garkuwa da aikinsu shi ne cewa "ya isa haka". Suna kuma sakin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙunshi masu ɗauke da saƙo da ake kira ekzosom, har an ga inda suke miƙa wa ƙwayar da ta galabaita nasu mitokondiriyan, kamar a ara maka batir. Abin da ya fi ɗaure min kai ma, akwai binciken da ya nuna mutuwar tasu na cikin maganin, don idan ƙwayoyin garkuwa suka haɗiye gawarsu sai su huce. Ni dai a fahimtata dattawan sulhu ne ba magina ba. Shi kansa Arnold Caplan, Ba'amurken da ya raɗa musu sunan sitem sel a 1991, daga baya ya fito ya ce a canza sunan saboda yana sa mutane zaton abin da ba shi ba, kuma 'yan kasuwa na fakewa da shi.

Matsalar ita ce ɓera ba mutum ba ne. A ɓera an yi gwaji ba adadi kuma sakamakon na da daɗin karantawa, amma ɓeran gwaji yaro ne lafiyayye, an san minti nawa aka ɗaure masa jijiya, sau da yawa ma tun kafin a yi ɓarnar ake ba shi ƙwayoyin. Kawu kuwa ya haura hamsin, ga hawan jini, ga shekaru ana fama.

A mutane abin da ke hannu kaɗan ne. A birnin Liyej na ƙasar Beljiyam an fitar da sakamakon wani gwaji a 2017, mutum 10 aka saka wa MSC wajen kwana uku bayan dashe aka gwada su da wasu 10 da ba a saka wa ba. Ba su cutar da kowa ba, wannan labari ne mai kyau, amma ba a ga wani bambanci ba wajen ƙin karɓar hanta, kuma da aka yi ƙoƙarin janye musu maganin danne garkuwa abin bai yiwu ba. A Gwanju ta ƙasar Sin, garin da 'yan kasuwarmu ke zuwa sari, an ba mutum 12 masu matsalar tsukewar bututun maɗaciya ƙwayoyin cibiya, an ga sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa maganin da aka saba, sai dai ba ƙuri'a aka yi wajen raba su ba, kuma mutum sha biyu ai ko sahu ɗaya na masallacin unguwa ba su cika ba. Gwaje-gwajen duk haka suke, ƙanana, kowa da irin ƙwayoyinsa da yawan da ya bayar da ranar da ya bayar, wani kafin aiki wani bayan aiki, to ta ina za ka haɗa lissafi. Ga kuma abubuwan tsoro da ba a gama kawar da su ba, ƙwayoyin na iya tayar da daskarewar jini, sannan da yawa daga masu dashen hanta saboda ciwon daji aka yi musu, duk abin da ke kwantar da garkuwa yana kuma zaburar da tsiro dole a yi kaffa-kaffa da shi. Hukumar magunguna ta Amurka sai a watan Disamba na 2024 ta amince da maganin MSC na farko, Ryoncil, shi ma ba na hanta ba ne, na yara ne da aka yi wa dashen ɓargo sabon ɓargon ya juya yana yaƙar jikinsu.

Wani abin da ya kamata a sani, a daidai lokacin da ake ta wannan, wata dabarar daban ta sha gaban sitem sel, wato inji. Maimakon a jefa hanta a kula, sai a jona ta da na'urar da ke zagaya mata jini mai ɗumi da oksijin da abinci, tana zaune a cikin akwati tana aiki har tana fitar da ruwan maɗaciya. Masana na Okusfod a Ingila sun fitar da gwaji a 2018 kan dashe 220, alamar raunin hanta a jini ta ragu da kusan rabi, hantocin da ake zubarwa ma sun ragu da rabi. Wasu kuma a Holan suka bi ta sanyi, a ba hantar oksijin a hankali tana cikin sanyi na awa biyu kafin a dasa, don itacen nan da aka jibge ya ci a sannu, kamar dai ka sa wa firji sitabilaiza. A sakamakonsu na 2021 tsukewar bututun maɗaciya ta sauka daga kashi 18 cikin ɗari zuwa kashi 6. Wannan ita ce irin hujjar da sitem sel bai kawo ba tukuna.

Ni kuma inda na fi sa ido shi ne inda biyun suka haɗu. Tunda matsalar ita ce ƙwayoyin na ɓacewa a huhu, me zai hana a zuba su kai tsaye cikin hantar tana kan inji, babu huhu a tsakani, babu mara lafiyan da za a sa a haɗari? A Bamingam ta Ingila an gwada haka a 2020 da hantocin mutane guda shida da aka ƙi dasawa, aka ga ƙwayoyin sun ratsa bangon jijiya sun shiga naman hantar suna fitar da sinadaransu. A Kambirij kuma a 2021 aka raini ƙwayoyin bututun maɗaciya a ɗakin gwaji aka zuba su cikin hantar mutum da ke kan inji, suka kama suka liƙe inda ya lalace, su waɗannan kam aikin magina suka yi, duk da ba MSC ba ne. Amma a lura, ba a jikin kowa aka dasa hantocin nan ba, gwajin iya kan inji ya tsaya. Wasu ma cewa suke a bar ƙwayoyin gaba ɗaya a tace ekzosom ɗin kawai a bayar, tunda saƙon ake so ba ɗan aiken ba.

Yanzu mu dawo kan kwalin Hajiya. Ƙwayoyin da ake gwaji da su rayayyu ne, a cikin ruwan naitirojin ake adana su a sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, in aka narkar da su cikin 'yan awoyi ake saka su ta jijiya kafin su mutu. Wace ƙwaya ce mai rai za ta zama gari, ta kwana a bayan mota daga Legas, ta zauna a shago a zafin Katsina na watan Afrilu, sannan ta wuce ta cikin tsamin ciki ta fito da ranta? Da na karanta bayan kwalin ma ƙwayoyin tuffa da inabi aka rubuta, na ce Hajiya in tuffa na da sitem sel to na fidda tuffa ne ba hanta ba, sai da ta yi dariya duk da ranta a ɓace yake, don kuɗin adashinta ta zuba. Kuma ba asarar kuɗin ce ta fi damuna ba, hantar da ta riga ta gaji duk abin da aka haɗiya ita ke tace shi, sannan matar da ta kawo har cewa ta yi wai a ɗan ajiye tenofobir, maganin ciwon hanta na B, kada su yi karo, alhali mai ciwon hanta na B in ya yanke maganin nan kwatsam cutar na iya tasowa da ƙarfin da zai kai shi kushewa. Ko allurar ma ta gaske ba a wajen kowa ake karɓa ba, a Fulorida ta Amurka an yi wa wasu tsofaffin mata uku allurar ƙwayoyin kitsensu a ido a 2015, ganin nasu ya lalace.

Ga mai shirin fita dashe, akwai ɗan sauƙi guda. A Indiya mafi yawan dashen daga ɗan uwa mai rai ake yi, ɗakunan tiyata biyu ne kusa da juna, hantar ba ta daɗewa a ƙanƙara, don haka irin wannan ɓarnar ba ta kai ta hantar mamaci da aka ɗauko daga wani gari ba. Abin da na rubuta wa babban ɗan Kawu ya tambaya shi ne dashe nawa asibitin ke yi a shekara, mutum nawa ke kai shekara ɗaya da rai, sau nawa suke samun matsalar bututun maɗaciya kuma wa zai duba shi in an dawo gida. Na ce in wani dillali ya ce a ƙara kuɗi za a haɗa da sitem sel, ya tambaya gwaji ne mai rajista ko kuwa, in gwaji ne me ya sa mu za mu biya.

Sai dai ko can ɗin ba mu kai ba. Mai bayar da hanta dole a auna shi tukuna, kuma binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na manyan Najeriya na ɗauke da ciwon hanta na B, allurar rigakafinsa kuwa sai 2004 ta shiga jerin na jarirai, 'ya'yan Kawu manya duk kafin nan aka haife su. Ranar Litinin mutum huɗu suka je gwaji, biyu an same su da shi, ba wanda ya taɓa sani a cikinsu. A ragowar biyun ɗaya jininsa bai dace da na Kawu ba, ɗayar kuma tana da ciki wata biyar.